Ruwan Kamu da Lemona

Salamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara murya. Ni manomin lemo ne a Abaji. Shekara da shekaru ina wanke lemona da ruwan tsamin kamu kafin in adana. Wani malamin gona ya taɓa ce min cikin jama'a, "Baba, koko za ka dama masa?" Aka kwashe da dariya. Amma na maƙwabta yakan ruɓe, nawa yana nan garau. Sai ga masanin da kuka gayyato yana cewa wai an gano yis, irin wanda ke sa ƙullu ya tashi, na hana lemo ruɓewa. An gano! To Dakta, ban shiga aji ba, amma yis ɗinku ne a tukunyar kamuna ko a'a? A ba ni amsa a rediyon nan, kowa ya ji.