Hannun Jarin Aidin da Kiran Ranar Lahadi

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Shugaban wannan zama, Dakta Zaid Tukur. Uwar taro, Hajiya Sa'adiya. Ma'ajiyarmu, Malama Murja. Iyayenmu maza da mata. Masu masaukinmu mutanen Manchester. 'Yan'uwana mutanen Birmingham da muka biyo hanya tun safe cikin ruwan sama. Ɗalibanmu da na hango can baya sun kafa sansani kusa da tukunyar shinkafa. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina gode wa Allah da ya tara mu lafiya. Ina gode wa waɗanda suka nemo mana wannan ɗaki a Rusholme, da matan da suka yini a gaban murhu saboda mu, da kwamitin da ya ga ya dace ya ba ni wannan dama. Sunana Abdulhafiz, mai haɗa magunguna ne ni a Perry Barr, kuma ina jin saboda haka ne aka ce ni zan yi bayani, wai tunda ina taɓa kwalabe dole na san aidin.

Ga wanda yau ne zuwansa na farko, ga yadda abin yake. Shekarun baya wasu daga cikinmu suka haɗa ɗan abin da Allah ya hore musu, muka kafa zauren zuba jari, muka sayi hannun jarin wani ƙaramin kamfani mai samar da aidin. Tun daga lokacin, duk ranar Lahadi bayan la'asar muna haɗuwa ta waya, na Manchester da na Birmingham, mu tattauna yadda kasuwa take. Yau kwamiti ya kawo shawara mai kai biyu: a sayar da hannun jarin a zuba kuɗin cikin babban asusu wanda ba ya bukatar a riƙa sa masa ido, sannan a rufe kiran ranar Lahadi tunda ba sauran abin tattaunawa. Da na sauka daga nan za a kaɗa ƙuri'a. To, bari in faɗi abin da na sani, bi da bi.

Na farko, mene ne muka saya? Kamfanin nan ba ya haƙa ƙasa da kansa. A can Amurka, inda ake haƙo mai da gas, akwai wani ruwan gishiri da ke biyo man, wanda masu man ba su da abin yi da shi illa su mayar da shi ƙarƙashin ƙasa. Kamfaninmu sai ya kafa 'yar masana'anta a kan hanyar ruwan, ya tace aidin ɗin da ke ciki, ya bar ruwan ya wuce. Iyakar sana'ar ke nan. Aidin kuwa kowa a nan ya san shi. Shi ne ruwan nan da ake ɗiga mana a gyambo muna yara, muna tsalle muna kiran sunan duk wanda muka sani. Shi ake sa wa gishiri don maganin maƙoƙo. Yana cikin gilashin wayoyin da wasunku ke kallo yanzu haka a ƙarƙashin tebur, na gan ku. Babban mai cinsa kuma shi ne asibiti, don da shi ake yin ruwan da ake yi wa mutum allurarsa kafin a ɗauki hoton cikin jikinsa.

Na biyu, ina kasuwar ta dosa? Masu samar da aidin a duniya ba su da yawa. Mafi yawansa daga Chile yake fitowa, sai Japan. Masu bukatarsa kuwa ƙaruwa suke yi, domin mutane suna daɗa tsufa, asibitoci suna daɗa ɗaukar hoto. Wannan shi ne hasken da muka hango tun farko, kuma har yau bai dushe ba.

Na uku, ina haɗarin yake? A nan fa zan faɗi gaskiya ko da za ta ɓata wa abokaina rai. Kamfanin nan ƙarami ne, ba shi ke yanke farashi ba. Idan manyan Chile suka ga dama suka buɗe hannu, farashi ya faɗi, mu kuma sai kallo. Ruwan da yake tacewa ba nasa ba ne. Ranar da masu mai suka rage aiki, ruwa ya ragu, aidin ya ragu. Hannun jarinsa ba ya yawan canja hannu, saboda haka ranar da kake gaggawar sayarwa ita ce ranar da mai saye zai yi wuyar samu. Kuma har yau, jama'a, ko sau ɗaya bai raba mana riba ba, kullum sai alkawarin sabuwar masana'anta. Ni ba ni da lasisin ba kowa shawarar kuɗi, amma idan lissafi kaɗai za a duba, Malama Murja, da ke cewa a sayar, ta fi mu gaskiya. Zuba kwandon jama'a gaba ɗaya a kamfani guda ba dabara ba ce. Ban zo in yi jayayya da ita a kan wannan ba.

Abin da ya kawo ni shi ne na huɗu, kai na biyu na shawarar nan, wato rufe kiran Lahadi. Ina roƙon ku ajiye wayoyin nan ku ba ni kunnuwanku.

Kowa a zauren nan ya san Baba Bara'u. Wanda bai san fuskarsa ba ya san muryarsa: dattijon injiniyan nan na Levenshulme, wanda ya riga yawancinmu zuwa ƙasar nan, wanda idan aka buɗe kira sai ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya. Ya gida? Ya aiki? Ya sanyi? Ya wance, ta fara tafiya? Ya mutanen Kano, an ji daga gare su? Kafin ya gama zagaye, rabin lokaci ya tafi. Bara aka kafa doka cewa a daina doguwar gaisuwa, a yi sallama kawai a shiga magana. Dokar tana da dalilinta, ban ce ba ta da shi ba: akwai likitoci masu jiran a kira su, akwai iyaye masu wankin kayan makaranta. Baba ya bi doka.

Amma kun lura da abin da ya biyo baya? Mutumin da a da bai damu da farashi ba, sai ga shi ya zama malamin aidin. Tabɗi! Ya karance rahoton kamfani tas, ya san sunan kowace masana'anta, ya san lokacin da sanyi ke daskarar da bututu a can. Wani makon, ranar Talata ko Laraba, sai wayarka ta yi ƙara: “Abdulhafiz, ka ga abin da ke faruwa a Chile kuwa?” Ɗalibai suka laƙaba masa Sarkin Aidin. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce son kuɗi ne ya kama dattijo da yamma. Alhali nasa kason ya fi na kowa ƙanƙanta.

A watan jiya aiki ya kawo ni garin nan, ranar wata Alhamis. Na gama da wuri, sai na ce bari in yi irin ta gida, in je wa dattijo ba tare da na sanar ba. Na hau bas na bi Stockport Road, na sami ɗan flat ɗinsa a saman wani kanti, na ƙwanƙwasa. Ya buɗe, na yi sallama. Ya buɗe baki zai amsa, wallahi murya ta ƙi fita. Ya yi gyaran murya, ya sake gwadawa, sai wata 'yar ƙara kamar ta ƙofar da ta daɗe a rufe. Sai ya yi dariya ya ce, “Yi haƙuri ɗana, injin ne bai ɗau zafi ba. Tun ranar Lahadi ban tayar da shi ba, in ban da salla.”

Na ce, “Haba Baba, ko kanti ba ka je ba?”

Ya ce, “Na je mana. Ai yanzu na'ura ce ke karɓar kuɗi. Ita ke magana, ni ba ta jiran amsata.”

Jama'a, ashe wannan gyaran muryar da muke ji a farkon kowane kira, muna cewa Baba ba ya rabuwa da mura, ba mura ba ce.

Hajiyarsa ta rasu, Allah ya jiƙanta. 'Ya'yansa biyu, ɗaya tana Kanada, ɗaya yana Landan, yaran kirki, suna turo saƙo da Turanci suna tambaya ko yana lafiya, shi kuma ya rubuta musu cewa lafiya lau. Maƙwabta kuwa kafin ya riƙe sunan wannan, ya tashi wani ya shigo.

Ya dafa mana shayi, muna sha, sai ya ce bari ya ba ni labarin da zai sa ni dariya. Wai likitansa na unguwa ya tura shi a ɗauki hoton cikinsa. Ya hau bas shi kaɗai ya tafi. Ma'aikaciyar da ta zo yi masa allurar ruwan hoton, wata baiwar Allah mai suna Celestina, tana yi masa bayani cewa akwai aidin a ciki, zai ji ɗumi ya bi jikinsa. Sai ya ce mata, “'Yata, zuba da kyau, kayanmu ne. Ina da hannun jari a ciki.” Ya ce ta yi dariya har ta tsaya ta saurare shi yana ba ta labarin ruwan gishiri da Chile. Yana faɗa yana dariya. Ni kuwa na ajiye kofin shayin, don ya ce hoton ya nuna abin da sai an yi masa tiyata, kuma shi ya sa ba ku gan shi a nan yau ba.

Na ce, “Baba, me ya hana ka gaya mana?”

Ya ce, “A wane gurbi zan sa shi? Ba ya cikin ajanda.”

Ku duba mini wannan magana da kyau. Bahaushe ba ya faɗin ciwonsa a tambayar farko. Ka ce ina wuni, ya ce lafiya lau. Ka ce ya gida, ya ce lafiya lau. Ka ce ya sanyi, ya ce lokacinsa ne. Sai ka kai ga ya ƙarfin jiki, sannan ka ji amsar ta ɗan yi jinkiri, ka ce a'a, me ya faru? Doguwar gaisuwarmu ba ɓata lokaci ba ce, ita ce hanyar da muke auna juna. Mun yanke ta don mu sami lokacin auna kamfani. A gida mutum yana zuwa wurinka ba dalili, ya zauna, ya tashi. A nan kuwa idan ka kira mutum ba dalili, abin da zai fara cewa shi ne, lafiya dai? Baba ya gane haka kafin mu, shi ya sa ya nemo dalili, ya same shi a cikin aidin.

Kada wani ya ɗauka labarin dattijo ɗaya nake bayarwa. Ni da ke tsaye a gabanku, iyalina suna Zariya muna jiran biza. Yini nake ina magana a bayan kanta, amma sai in kai Lahadi ban ji kowa ya kira sunana yadda mahaifiyata ta raɗa shi ba. Kewa nake ji, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na san a cikin ɗakin nan akwai likitan da ke cin abinci a tsaye shi kaɗai, akwai ɗalibar da ke barin rediyo a kunne don kawai a ji motsi a ɗaki. Dukkanmu da aka tambaye mu a bakin ƙofa ɗazu, lafiya lau muka ce.

Wani zai ce, to a sayar mana, a ci gaba da kiran don zumunci kawai. Madalla da wannan niyya. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: sau nawa muka buɗe dandalin zumunci a waya, ya rayu wata guda, ya koma wurin tura hoton barka da Juma'a? Abin da ke fito da mu ranar Lahadi shi ne kowa yana da ɗan abinsa a ciki. Ba abin alfahari ba ne, amma haka ƙasar nan ta mayar da mu.

Saboda haka roƙona ga wannan zama guda biyu ne. A raba shawarar nan gida biyu, kada a kaɗa mata ƙuri'a a dunƙule. Sannan a janye dokar gaisuwa. Wanda ke sauri ya shigo a makare, ba wanda zai riƙe shi.

Jiya na kira Baba, kuma sai da na sha fama kafin ya yarda in faɗi abin da na faɗa muku. Na tambaye shi ina zan jefa masa ƙuri'arsa. Na ɗauka zai ce a riƙe, ko ba Sarkin Aidin ba ne? Sai ya ce, “Murja tana da gaskiya, ɗana. Kuɗin marayu da na ɗalibai na ciki, a sayar.” Sannan ya ce, “Amma ka roƙa mini su, in da hali, su bar hannun jari guda ɗaya tak a asusun zaure. Ba don riba ba. Don in na fito daga asibiti na kira mutum ranar Laraba, ya ce Baba lafiya dai, in sami abin da zan ce masa.”

Ranka ya daɗe shugaba, saƙon ke nan, na isar.

Allah ya ba Baba Bara'u lafiya, ya sa a yi aikin nan a sa'a. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, na nan da na gida. Allah ya sa albarka a abin da muka tara, ya tsare mu daga haram. Allah ya haɗa kowane mai jira da iyalinsa, ya mayar da mutanen Birmingham gida lafiya, ya saka wa mutanen Manchester da alheri. Allah kada ya bar ɗayanmu shi kaɗai a ƙasar nan.

Na gode.