Tulun da na manta a rijiyar Dungas

Mai gabatarwa, salamar Ubangiji ta tabbata gare ka da masu sauraro. Sunana Ladi, tsohuwa ce ni a Magariya, amma a Dungas aka yanke mini cibiya.

Na ji kuna nazarin matan Littafi Mai Tsarki, sai zamanin Nasara ya faɗo mini a rai. Ina budurwa lokacin. Akwai Inna Saratu, matar mai wa'azi. In ta zo rijiya ba mai shan ruwa a ƙoƙonta don Kirista ce, ita kuwa ko a jikinta.

Wata rana da azahar igiyar gugana ta tsinke, ga ƙishi. Ta miƙo mini ƙoƙon. Na waiga, ba kowa, na sha. Ta yi dariya ta ce, "'Yata, Yesu ma ya roƙi ruwa wurin wata Basamariya, alhali mutanensa ba sa shan abin hannun Samariyawa. Zauna ki ji."

Na zauna har la'asar. Ta ce matar ta bar tulunta ta ruga gari da labari. Na taho gida ina ta tunani, sai da innata ta ce, "Ke, ina ruwan?" na tuna nawa tulun yana rijiya. Na sha faɗa ranar, amma daga nan na soma bin Almasihu kaɗan-kaɗan.

Ranar aurena Inna Saratu ta ba ni ƙoƙon, kunya ta hana ni gode mata har ta rasu. In jikokinta suna saurare, ku zo Magariya. Yanzu famfo gare mu, amma a ƙoƙon kakarku zan ba ku ruwa.