Tokar Dalma a Kan Ƙanƙara

Ina zaune a tashar Takieta ina jiran mato ta cika, sai wata mai sayar da ƙanƙara ta taso wa wani baƙo da ya kafa murhu kusa da ita yana narka dalmar tsofaffin batura.

"Malam, ɗauke wutarka. Toka na sauka a kan ƙanƙarata, kuma cikin mutane za ta."

"Hajiya, hayaƙi ne kawai. Iska za ta kwashe shi."

"Ta kai shi ina? A rediyo na ji an haƙa ƙanƙarar ƙarshen duniya, inda ko bukka babu, an tarar da dalma a ciki. Iskar taka ce ta kai ta."

"To kin gani, ko'ina akwai ta. Sai tawa ce ta tsone miki ido?"

"Taka ce a kan kayana. Jikokina ma wannan suke tsotsa."

"Tun ina saurayi nake aikin nan, ban kashe kowa ba."

Ta ɓallo ƙanƙara daga inda tokar ta kwanta, ta jefa a moɗa, ta miƙa masa.

"Sadaka ce. Sha."

Ya dubi moɗar, bai karɓa ba. "Mura nake yi."

"Da wannan zafin? To ɗauke wutarka, kada hayaƙin ya ƙara maka."