Fatalwar Gidan Inna Tabawa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki, ya iyali? Ni ce Asabe mai wankan gawa, daga Babban Duhu ta Safana.

Bayan rasuwar maƙwabciyata Inna Tabawa, gari ya ɗauka wai fatalwarta na yawo a gidanta, sanye da zanenta. Ƙanena Sale ya rantse ya gan ta tana ɗibar ruwa a randa. Samari suka shirya cinna wa gidan wuta.

Na ce, "Sale, da hannuna na wanke Tabawa. Me matacciya za ta yi da ruwan randa?"

Ya ce, "Yaya, in kin isa ki shiga."

Na kuwa shiga da hantsi, mazan suna can nesa. Wata baiwar Allah na tarar, ta gudo daga ƙauyen da 'yan bindiga suka tasa, ƙafafunta duk sun kumbura. Zanen marigayiya ta samu ta rufa.

Jama'a, a riƙa dubawa kafin a ƙyasta ashana. Ina gaida Sale: fatalwarka tana gidana lafiya lau, furar da ka sha jiya ma ita ta dama.