Ranar da Muka Wanke Sunan Malam Gidaɗo

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Mai girma shugaban wanga taro, Alhaji Balarabe Birnin Tudu. Wakilan iyayenmu sarakunan Mafara da Bakura da Maradun. Malamanmu masu yi mana addu'a. Shugabannin manoman fadama. 'Yan uwana direbobi da makanikai. Da dukkan jama'ar da sunka baro aiki sunka taru a nan: assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ni ne Tukur Dosara, sakataren wagga ƙungiya tamu ta direbobin fadama da makanikai. Ina gode wa Allah da Ya nuna mana cikarta shekara ashirin, ina kuma gode muku da kunka zo. Mun taru ne mu karrama dattijonmu Malam Gidaɗo makaniki, ga shi nan zaune da farar hula. Kuma tun da fari ina sanar da ku, akwai sunan da anka ɓata mashi a garin nan shekara biyar da sunka wuce, ba zan sauka daga nan ba sai an wanke shi.

Jama'a, muna da abin alfahari. Tun ana gina madatsar Bakolori muke kan hanyoyin nan. Mu munka ɗauki siminti, mu munka ɗauki taki, mu munka fito da shinkafa da tumatir daga inda jaki ma sai ya yi shawara kafin ya sa ƙafa. Mai motar kwalta in ya gan mu da taɓo har gashin gira ya yi dariya, amma tuwon da zai ci da rana a bayan a-kori-kurarmu ya zo. Kuma duk wanda ya riƙe sitiyari a nan ya san hannun da ya riƙe injinsa. Malam Gidaɗo ya koyi aiki wurin Turawan da sunka gina dam, sunka tafi sunka bar mana shi, kuma wallahi ba su bar mana abin da ya fi shi ba.

Magana ta farko, ga iyayenmu da ba su taɓa leƙa cikin inji ba. Akwai wata ɗamara ta roba mai haƙora, ɓoye bayan murfi, muna ce mata taimin bel. Ita ke haɗa saman inji da ƙasansa. A ƙasa fistin na hawa shina sauka, a sama bawul na buɗewa shina rufewa, su biyu a ɗaki guda, kamar mata biyu masu daka a turmi ɗaya: wagga ta ɗaga, waccan ta sauke. Bel ɗin nan shi ke tsare wa kowa lokacinsa. Ranar da ya tsinke, fistin ya tarar da bawul a hanya, to inji ya tashi daga aiki nan take.

Magana ta biyu, yaushe ake canja shi? Littafin mota ya ce a ƙidaya kilomita. To wa ke da agogon kilomita mai rai a cikinku? Ya ɗaga hannu mu gani. Babu! Ko da ma akwai, motar da ta kafe a taɓo ta yi awa biyu tana gurnani da ƙaramar giya, agogo bai san ta yi aiki ba, amma bel ya sani. Ga zafi, ga laka da ke kutsawa ta murfi, ga baƙin mai da ke ɗiga kansa. Fambel, wato bel ɗin da ke juya fankar inji, in ya gaji ya yi ta kuka har a ji shi daga kasuwa, shi kuwa wanga bai kuka, bai tari, kuma ranar mutuwarsa ma kyakkyawa ne a ido. Shi ya sa Malam Gidaɗo ke rubuta wata da shekara da fenti a cikin murfin mota. In lokaci ya yi ya canja bel tare da gargaren da ke danne shi, ya saita alamomi, ya juya inji da hannu sau biyu, sannan ya yarda a taɓa makulli.

Magana ta uku ita ce mai nauyi. Mu mutanen nan ba mu yar da abu. Tsohuwar taya guga ce, tsohon galan buta ne, kuma mun gaji wannan daga iyaye, ba abin kunya ba ne. Amma Malam Gidaɗo in ya cire tsohon bel, sai ya zaro wuƙa ya raba shi biyu a gaban mai mota. Ranar da ya yi wa nawa haka, sai da na ji kamar ni ya yanka. Na ce, "Haba Malam! Bel garau, ko tsaga babu? Ai sai in aje shi ƙarƙashin kujera don ɓacin rana."

Ya ce, "Tukur, shi wanga in ka aje shi, shi na ɓacin ranar. In ba ka maishe shi ga motarka ba, ka ba wani don kirki."

Ban ji ba. Na tafi tasha na tara mutane, na ce Gidaɗo maɓarnaci ne, na ce baƙin ciki ke sa shi yanka kayan mutane. Bakina na da kaifi, kun sani, kuma anka saurare ni. Kafin damina ta fita, garejinsa da ake layi ya koma wurin kwanan awaki.

Da lokacin canji ya sake zagayowa, na kai motata wani wuri, na tsaya kan mai gyara har ya miƙo mini tsohon bel ɗina lafiya lau. Ba a jima ba abokina Jibrin, ga shi can a layi na uku, ya zo neman bel, ga Gusau da nisa, ga tumatir ya nuna. Na zaro nawa na ba shi kyauta, har ina jin daɗin na yi zumunci. Sati uku ya yi. A hanyar Janbako, tsakiyar kwari, da kwandunan manoma bakwai a baya, bel ya tsinke. Tumatir ya ruɓe a wurin, inji ya farfashe, Jibrin ya yi kaka biyu shina noman ƙodago a gonakin da a da shi ke kwashe musu kaya.

Wa ya tada injin? Malam Gidaɗo. Da ya buɗe ya ga bel, ya ce wa Jibrin, "Wanga ya ci zamaninshi ga wata mota. Kak ka gaya mani ko wane ne, ban son in sani." Jibrin kuwa har yau bai gaya wa kowa ba, ko iyalinsa. Yanzu kun ji daga bakina.

Ƙungiya ta zartar, daga yau duk garejin da ke ƙarƙashinta zai yanka tsohon taimin bel a gaban mai shi, wanda ya ƙi kuwa ya kai motarsa wani gari. Ni na rubuta dokar da hannuna, ina kuma alfahari da cewa daga Mafara ta fito.

Malam Gidaɗo, mutanen da sunka ji na ɓata ka a tasha ba su kai arba'in ba. Yau ga fiye da ɗari uku, ga malamai, ga wakilan sarakuna. A gabansu nake cewa ƙarya na yi maka. Kai ne mai gaskiya, ni ne maɓarnacin. Ban ce ka yafe mini a nan don kunyar taro ba. Gobe in Allah Ya kai mu zan zo gareji in durƙusa, ka yi yadda ka ga dama da ni. Jibrin, daga can gidanka zan wuce.

Allah Ya ƙara wa Malam Gidaɗo lafiya da ƙarfin ido. Allah Ya mayar wa Jibrin da manoman Janbako abin da sunka rasa ta dalilina. Allah Ya albarkaci ruwan Bakolori da gonakin da ke sha, Ya tsare mu a kan hanya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.