Bencin Baya

A layin duba lafiyar motoci, direban bas ɗin 'yan makaranta ya lura wani dattijo yana ta leƙen bayan motarsa.

"Baba, saye za ka yi ne?"

"A'a, ramukan notin nan nake kallo."

Direba ya yi dariya, ya rage murya. "Benci na ƙara, yara shida yake ɗauka. Takarda ba ta san da shi ba. Ranar dubawa in kwance, washegari in mayar."

"Da noti biyu kacal?"

"Shekara uku, ko gezau! Yara ai ba nauyi."

"Gaskiya ne, jikata ba ta da nauyi. Kullum a kansa take zama. Je ka ɗauko bencin su gani, ɗana. Zan riƙe maka layi."