Gabas da Rimi

A bakin dam ɗin Challawa, Badaru mai kwale-kwalen inji ya tari wani dattijo da jikokinsa.

"Sannunku da zuwa, Baba. Injina ba ya shan mai, sai mu zaga ruwan nan kaf."

"Ba zagaye ya kawo mu ba, ɗana. Ka ga busasshen rimin can a tsakiya? Can za ka kai mu, ka kashe injin."

"Ai babu komai a wurin."

"Gidanmu yana ƙarƙashin ruwan, gabas da rimin. Yaran nan sun dame ni da tambayar ina garinmu."

Badaru ya kwance igiya a hankali.

"Gabas da rimin? Babana ya ce namu yana yamma. Kullum nake wucewa, ban taɓa tsayawa ba."